Yadda ake duba yanayi kafin a tayar da ƙaramin jirgi, mataki bayan mataki

Tambayar nan ta yi yawa, musamman daga ɗalibai masu shirin zuwa kwalejin koyon tuƙin jirgi ta Zariya, da kuma waɗanda aikinsu shi ne ɗauko wa maigida hayar ƙaramin jirgi ko helikwafta lokacin siyasa ko biki, kowa tambayarsa ɗaya, wai ta yaya ake gane yau ranar tashi ce ko ranar haƙuri. Toh ga shi nan na jero yadda ake yi. Amma ku riƙe abu ɗaya tun daga farko: babban jirgin fasinja yana haurawa can sama da ƙafa 30,000 ya bar yawancin gajimare da ƙura a ƙasansa, yana da rada a hanci, yana da matuƙa biyu. Ƙaramin jirgi irin Cessna 172 ko Diamond DA40 a cikin yanayin yake tafiya tun daga tashi har sauka, ba shi da ƙarfin haure shi kuma ba shi da gudun tsere masa. Saboda haka kusan duk aikin a ƙasa ake gama shi kafin a kunna inji.

Kayan da kake buƙata ba su da yawa: waya mai data, biro da takarda, littafin jirgin da kamfanin da ya ƙera shi ya bayar, taswirar hanya, da lambar ofishin hasashen yanayi na filin da za ka tashi, NiMet kenan a Najeriya, a Nijar da Chadi kuma ASECNA ce ke riƙe da wannan aikin a manyan filaye. Rahotannin yanayi kyauta ake ganinsu a shafin aviationweather.gov, haka manhajar Windy kyauta ce. Inda kuɗi ke fita shi ne ƙarin mai, kuɗin sauka da na ajiye jirgi a filin da ba ka yi niyya ba, da kuɗin masauki idan kwana ya kama, kuma ina ba ku shawara ku sa wannan a kasafin tafiyar tun farko don kada rashinsa ya tura ku sama.

1. Rubuta iyakarka kafin ka buɗe waya

Kafin ka kalli rahoto ko ɗaya, ɗauki takarda ka rubuta lambobi huɗu: mafi ƙarancin nisan gani da za ka yarda ka tashi da shi, mafi ƙarancin tsayin gindin gajimare, mafi ƙarfin iskar gefe, da ƙarfe nawa dole ka kasance a ƙasa. Dokar tuƙi da ido, wato VFR, ta ce a ƙasa da ƙafa 10,000 sai kana ganin kilomita 5, a sama da haka kilomita 8, kuma a filin da ke da hasumiyar kula da zirga-zirgar jirage ba a tashi ko sauka da ido idan rufin gajimare bai kai ƙafa 1,500 ba sai da izini na musamman. Wannan ita ce doka, amma doka ƙasan ƙasa ce. Sabon matuƙi ya kamata ya ɗora a kai, misali ya ce shi kilomita 8 ne iyakarsa, gajimare ƙafa 3,000.

Gargaɗi: dalilin rubutawa tun da wuri shi ne zuciya tana da wayo. Idan ka fara ganin rahoto ya ce mita 4,000, ga fasinja na jira, nan take za ka ji ai 4,000 ma ba laifi. Abin da ka rubuta jiya da kwanciyar hankali shi za ka bi.

2. Daren jajibiri, karanta TAF

TAF shi ne hasashen yanayin filin jirgi na awanni masu zuwa. Kowane fili yana da haruffansa huɗu: Kano DNKN, Abuja DNAA, Kaduna DNKA, Sakkwato DNSO, Maiduguri DNMA, Jos DNJO, Yamai DRRN, Damagaram DRZR. Ka duba na inda za ka tashi, na inda za ka, da na duk filin da ke kusa da hanya. Ƙananan filaye da yawa ba sa fitar da rahoto a intanet, irin waɗannan sai ka kira mutumin da ke wurin ka tambaye shi abin da idonsa ke gani, kana ganin dutse kaza daga nan, kana ganin eriyar kamfanin waya, ba wai ka ce masa "ya garin" ya ce maka "lafiya lau" ba.

Kalmomin da za ka farauta a ciki su ne TEMPO, ma'ana abu zai riƙa zuwa yana wucewa a tsakanin lokaci kaza, BECMG ma'ana yanayin zai sauya ya zauna a haka, sai PROB30 ko PROB40 wato yiwuwar kashi 30 ko 40 cikin ɗari. Ga misali na ƙirƙira don koyo: TEMPO 1215/1219 09025G40KT 2000 TSRA FEW025CB. Fassararsa, ranar 12 ga wata daga ƙarfe 15 zuwa 19 ana sa ran iska daga gabas mai gudun not 25 tana bugawa har 40, gani ya sauko mita 2,000, ruwa da tsawa, ga gajimaren hadari a ƙafa 2,500. Not ɗaya kusan kilomita 1.85 ne a awa, kaga not 40 ya haura kilomita 70 a awa kenan.

Gargaɗi: duk lokacin da ke cikin waɗannan rahotanni agogon duniya ne na UTC, mu a Najeriya da Nijar sai ka ƙara awa ɗaya. Wancan 15 zuwa 19 ɗin ƙarfe 4 na yamma ne zuwa 8 na dare. Kuskuren awa ɗaya ya isa ya haɗa ka da hadari a bakin titin sauka. Sannan kada ka raina PROB30, a ƙaramin jirgi ka ɗauke shi kamar zai faru ka shirya.

3. Da safe, karanta METAR kuma ka je ofishin yanayi

METAR shi ne abin da aka auna yanzu a filin, ana sabunta shi duk awa ko rabin awa. Wani misalin na koyo: DNKN 150900Z 06014KT 1200 DU NSC 22/02 Q1016. Kano, ranar 15, ƙarfe 10 na safe agogonmu, iska daga arewa maso gabas not 14, gani mita 1,200 kacal, DU ƙura ce ta game gari, NSC babu gajimaren damuwa, zafi 22, ma'aunin raɓa 2, nauyin iska 1016. Wanda bai sani ba zai ɗaga kai ya ga babu gajimare ko ɗaya ya ce ai gari garau, alhali wannan rahoton ya rufe maganar tashi da ido gaba ɗaya.

Haruffan da za ka haddace: HZ hazo, DU ƙura, SA yashi, DS da SS guguwar ƙura da ta yashi, BR da FG hazon raɓa mai sauƙi da mai kauri, TS tsawa, CB gajimaren hadari, SQ iska mai bugowa farat ɗaya, WS sauyin iska kwatsam. 9999 na nufin gani ya kai kilomita 10 ko fiye. BKN da OVC su ne rufin gajimare, lambar da ke bayansu ka ƙara sifili biyu, BKN008 ƙafa 800 kenan daga ƙasa.

Kada ka karanta guda ɗaya ka tsaya. Jero na awanni uku ko huɗu da suka wuce ka ga inda abin ya dosa, 8000 sai 6000 sai 5000 ya fi 4000 mai hawa zuwa 6000 ban tsoro. Ka kuma kalli lambobin zafi da raɓa, idan tazararsu ba ta wuce 2 ko 3 ba, kamar 21/20 da safiyar watan Agusta a Jos ko Abuja, toh gajimare na iya kwantawa a kan duwatsu ko hazo ya rufe fili cikin 'yan mintoci. Bayan duk wannan ka taka da ƙafarka zuwa ofishin hasashe ka ga hoton tauraron ɗan Adam, ka tambayi ma'aikacin ra'ayinsa, su ne suke kallon samaniyar wannan garin shekara da shekaru kuma manhajar waya ba ta maye gurbinsu.

4. Idan hunturu ne, lissafin hazo

Daga wajen Nuwamba zuwa Maris iskar arewa maso gabas tana kwaso ƙura daga kwarin Bodele da ke arewacin Chadi, ta biyo ta Maiduguri da Nguru da Damagaram ta sauka Kano da Katsina. Saboda haka dabarar farko ita ce ka riƙa duba filayen da ke gabas da arewa da kai. Idan Njamena ko Maiduguri sun faɗi ƙasa da mita 1,000 yau, ka sa a ranka Kano na iya bin sahu gobe.

Abin da ke yaudarar mutane a hazo shi ne idan ka leƙa ƙasa ta taga kai tsaye kana ganin gonaki da hanya sarai, sai ka ɗauka komai daidai ne, amma ka kalli gaba babu komai sai fari-fari mai ruwan ƙasa, babu layin da ya raba sama da ƙasa. Wannan layin shi matuƙi mai tuƙi da ido yake daidaita fukafukansa da shi. Da zarar ya ɓace, kunnen ciki ne ke ɗaukar aikin gaya maka ko kana miƙe ko a karkace, shi kuma kunnen nan ƙarya yake yi a cikin jirgi, idan jirgi ya karkata a hankali ba ya ji, idan ka gyara sai ya ce maka yanzu ne ka karkace. Haka mutum zai riƙa juyawa yana gangarowa yana rantsuwa a miƙe yake. A 1954 jami'ar Illinois ta Amurka ta gwada matuƙa 20 da ba su koyi tuƙi da agoguna ba, wato dogaro da na'urorin da ke gaban matuƙi maimakon kallon waje, aka rufe musu ganin waje, matsakaicin lokacin da suka ɗauka kafin jirgi ya ƙwace musu daƙiƙa 178 ne, ko minti uku bai cika ba. Abin da ya kashe John Kennedy ƙarami, ɗan tsohon shugaban Amurka, kenan a watan Yulin 1999, hazo da dare a kan teku cikin ƙaramin Piper. Shi ne kuma abin da masu bincike suka gano a helikwaftan ɗan wasan ƙwallon kwando na Amurka Kobe Bryant a Janairun 2020, da wanda ya ɗauko Herbert Wigwe na bankin Access a Kalifoniya a Fabrairun 2024, matuƙi ya ci gaba da tuƙi da ido bayan gani ya ƙare.

Toh a aikace me za ka yi. Ka tsara tafiyarka yadda ba za ka fuskanci rana tana ƙasa-ƙasa ba, domin tafiya gabas da sassafe ko yamma da la'asar a cikin hazo tana rage ganin da rahoto ya faɗa sosai. Ka zaɓi hanya mai alamomi manya da za ka bi, kamar titin Kano zuwa Zariya zuwa Kaduna ko layin dogo, ko da ta fi tsawo. Ka rubuta tsayin abu mafi tsawo a kowane yanki na hanyar ka ƙara ƙafa 1,000 a kai, wannan shi ne tsayin da ba za ka sauko ƙasa da shi ba ko me ya faru. Tsaunukan Shere kusa da Jos sun kai wajen ƙafa 6,000, Chappal Waddi a Taraba ya kusa 8,000.

Gargaɗi: kada ka haye saman ƙurar don ka ga shuɗin sama ka ji daɗi alhali ba ka da lasisin tuƙi da agoguna. Duk wanda ya hau sai ya sauko, kuma ta cikin ƙurar nan zai ratso.

5. Idan damina ce, lissafin hadari

Hadarin ƙasarmu yawanci daga gabas yake tasowa ya nufi yamma, sau da yawa a jere kamar katanga mai tsawon ɗaruruwan kilomita, kuma ya fi haɗuwa daga azahar zuwa dare bayan ƙasa ta sha rana, farkon damina da ƙarshenta sun fi muni wajen iska. Don haka doka ta farko mai sauƙi ce, tashi da sassafe ka sauka kafin azahar. Tafiyar da aka ce ƙarfe 8 ta koma ƙarfe 2 saboda jiran maigida ba ita ce tafiyar da ka duba wa yanayi ba, sabuwa ce, ka sake komai daga mataki na 2.

Kowa ya san iskar nan mai sanyi da ƙura da ke riga ruwa isowa, wadda ke kwashe kwanon rufi da rumfunan kasuwa. Ita ce babbar matsalar jirgi, tana iya yin gaba da hadarin da kilomita masu yawa, ma'ana tana iya samunka a wurin da ko ɗigo bai sauka ba. Akwai kuma iskar da ke zubowa daga cikin gajimaren kai tsaye zuwa ƙasa, mai ƙarfinta tana kai ƙafa 6,000 a minti ɗaya, shi kuwa Cessna 172 da cikakken ƙarfinsa wajen ƙafa 700 yake hawa a minti. Babu gwanintar da za ta cike wannan giɓin. Yadda take kama mutum shi ne da farko iskar ta bugo ka ta gaba sai gudu ya ƙaru jirgi ya ɗaga, ka rage wuta, daƙiƙu kaɗan ta danno ka ƙasa sannan ta koma bayanka gudu ya zube, ga ka kusa da ƙasa ba wuta.

Ba sai na je nesa neman misali ba. Ranar 29 ga Oktoban 2006 jirgin ADC ƙirar Boeing 737 ya tashi daga Abuja zuwa Sakkwato cikin irin wannan iskar ya faɗi jim kaɗan da tashi, mutum 96 suka rasu har da Mai alfarma Sarkin Musulmi Muhammadu Maccido, Allah ya jiƙansu. Kafin nan a Disambar 2005 na Sosoliso ya faɗi a Fatakwal yana ƙoƙarin sauka cikin hadari. Ranar 21 ga Mayun 2021 kuma King Air na sojan sama ya faɗi a Kaduna da Laftanar Janar Ibrahim Attahiru da mutum goma, hedikwatar tsaro ta ambaci rashin kyan yanayi. Idan abin ya fi ƙarfin waɗannan, ina ga jirgi mai kujera huɗu.

A aikace: ka ba hadari mai ƙarfi tazarar mil 20 na jirgi, kusan kilomita 37. Kada ka bi ta ƙarƙashinsa ko da kana hango haske a ɗaya gefen. Kada ka kutsa tsakanin guda biyu don ka ga rata, ratar tana rufewa. Kada ka yi tsere da shi zuwa fili, idan ku biyu kuka doshi fili ɗaya ka bar masa, ka juya wani wuri ko ka yi shawagi nesa har ya wuce, galibi cikin awa ɗaya ya yi gaba.

Gargaɗi: hoton ruwa da kake gani a waya ba na yanzu-yanzu ba ne, yana iya zama na minti 15 ko fiye da suka wuce. A ƙasa ake tsara hanya da shi, ba a kewaya hadari da shi a sama.

6. Idan bazara ce, lissafin zafi da nauyi

Wannan shi ne wanda aka fi mantawa saboda sama a buɗe take. Iska mai zafi ba ta da kauri, inji ba ya samun abin shaƙa sosai, farfela ba ta kamawa, fukafuki ba sa ɗagawa. Lissafin haka yake: a bakin teku ana ɗaukar zafi 15 a matsayin daidai, duk ƙafa 1,000 a rage 2. Filin Kano yana kusan ƙafa 1,560, daidainsa kenan wajen 12. Ranar da zafi ya kai 42 a watan Afrilu, bambanci 30 ne, ka ninka da 120 ka samu 3,600, ka tara da 1,560. Jirginka zai yi aiki kamar yana filin da ke sama da ƙafa 5,000. Jos kuwa da ma tana sama da ƙafa 4,200, ko zafi 32 ne ya kai ka bayan 7,000.

Da wannan lambar za ka buɗe littafin jirgi ka ga tsawon titin da yake buƙata da yadda zai hau, ka ƙara aƙalla rabin abin da littafi ya ce, don sabon jirgi da gwanin matuƙi aka yi gwajin da su. A Kano titi dogo ne, matsalar tana gajerun filayen ƙasa da na ciyawa masu bishiyoyi a ƙarshe. Ka auna kowa da kayansa a sikeli, banda kintace. Ka sa alama a rabin titi, idan ka iso nan gudunka bai kai kashi 70 cikin ɗari na gudun tashi ba ka janye wuta ka taka birki. Maganin da ya fi sauƙi shi ne tashi da asuba, ko rage mutum ɗaya.

7. Iskar gefe

Lambar titi ita ke gaya maka inda ya fuskanta, 06 na Kano digiri 60 kenan. Ka cire ta daga inda iska ke fitowa. Bambancin digiri 30, rabin ƙarfin iskar ne ke bugunka ta gefe, 45 wajen kashi 70, daga 60 zuwa sama ka ɗauka duka. Da lambar bugawa za ka yi lissafi, wadda ke bayan G. Cessna 172 da not 15 aka gwada shi, ɗalibi kuwa ya tsaya ƙasa da haka sosai.

8. Mai da filin ko-ta-kwana

Doka ta ce bayan man isa inda za ka, ka riƙe na minti 30 da rana, 45 da dare. A ƙasarmu da filaye ke da nisa da juna wannan bai isa ba, ni dai ra'ayina awa ɗaya ne mafi ƙaranci, ban da man zuwa filin ko-ta-kwana. Filin kuma ka zaɓe shi da hankali, hazon da ya rufe Kano da wuya ya bar Katsina ko Dutse, sai ka nemi wanda ke kudu. A damina kada ka zaɓi wanda ke yamma da inda za ka kaɗan, can hadarin zai nufa. Ka kira ka tabbatar filin a buɗe yake a lokacin, kuma akwai irin manka, don man avgas, wato fetur ɗin ƙananan jirage, ba ko'ina ake samunsa ba.

Gargaɗi: ka duba lokacin faɗuwar rana ka cire awa ɗaya. A nan duhu ba ya jira, ana kiran magariba kaɗan gari ya rufe, da hazo ma tun kafin nan. Hatsarin gwamnan Taraba na lokacin Danbaba Suntai a Cessna Caravan kusa da Yola ranar 25 ga Oktoban 2012, cikin abubuwan da rahoton bincike ya lissafa akwai tuƙi da ido bayan faɗuwar rana.

9. Zagaya jirgin da idon yanayi

Bayan ruwan dare ko jirgi ya kwana da tanki rabi, ka tsiyayi mai daga ƙasan kowane tanki a 'yar kwalbar gwaji ka ɗaga ta a haske. Avgas shuɗi-shuɗi ne, ruwa kuwa yana kwanciya a ƙasa kamar ƙwallaye masu haske, ka yi ta tsiyaya har ya ƙare. Idan kwalbar duk fara ce tas kada ka yi murna, mai yiwuwa ruwa ne zalla, ka shinshina. A hunturu ka duba matatar iska, ka duba 'yan ramukan da ke auna gudu da tsayi ko ƙura ko zanzaro sun toshe su, ka wanke gilashin gaba da ruwa kafin ka sa tsumma, gogewa a bushe yana karce shi kuma karcen nan shi ke makantar da kai idan ka fuskanci rana.

Jirgi mai kafireta yana iya yin ƙanƙara a maƙogwaron inji ko da zafin waje ya kai 30, in dai akwai laima, saboda iska tana yin sanyi sosai a wurin. Alamarsa inji ya riƙa rage juyi a hankali. Ka ja maɓallin ɗumama kafireta gaba ɗaya, inji zai ƙara yin gargada na ɗan lokaci yana haɗiye ruwan, kada ka tsorata ka mayar. Sannan ka saita agogon tsayi da lambar Q ta filin, wato nauyin iskar da ke cikin METAR, ka riƙa sabunta ta a hanya, kuskuren lamba 10 kusan ƙafa 300 ne.

10. Yi magana da fasinja tun a ƙasa

Nan ne abin ya fi wuya a wurinmu, don matuƙi yaro ne ɗan shekara talatin, fasinja kuma babban mutum ne da jama'a ke jiransa a filin taro. Maganin shi ne a faɗa tun ranar da aka yi ciniki, ba a bakin jirgi ba: "Ranka ya daɗe, idan gani bai kai kaza ba ko muka wuce ƙarfe kaza ba za mu tashi ba, a ajiye mota a shirye." Wanda ya ji wannan tun jiya ba zai ga raini ba yau. Ku kuma masu ɗauko haya, idan kyaftin ya ce a jira kada ku ce masa ai wane ya tashi ɗazu, wanen nan wataƙila jirginsa daban ne, lasisinsa daban. Tambayoyin da ya dace ku yi su ne yana da lasisin tuƙi da agoguna, jirgin yana da kayan hakan, ina za mu sauka idan can ya rufe. Masu cewa ai kwana idan ya ƙare ya ƙare, gaskiya ne, amma an umarce mu da ɗaure raƙumi kafin tawakkali, kuma da muguwar rawa gara ƙin tashi.

11. Idan ya lalace kana sama

Ka sa wa kanka wuraren tsayawa a taswira, duk minti 15 ko 20 ka tambayi kanka gani ya ƙaru ko ya ragu. Alamar da ba ta ƙarya ita ce ka tsinci kanka kana saukowa ƙasa-ƙasa ko kana rage gudu don ka ci gaba da ganin hanya. Da ka yi haka sau ɗaya ka juya, bayanka ne kaɗai wurin da ka tabbatar yana da kyau tunda daga can ka fito.

Idan kuwa har ka shige gajimare ko ƙura ta rufe ka, cire ido daga taga ka kafa shi a agogon da ke nuna daidaiton fukafuki, ka yarda da shi ko jikinka na ihun ƙarya yake. Daidaita fukafuki tukuna. In akwai otofailot, wato na'urar da ke tuƙa jirgi da kanta, kunna shi. Ka duba inda hancinka ya dosa, ka yi juyi mai sauƙi na digiri 3 a daƙiƙa, minti ɗaya cif zai mayar da kai inda ka fito, kada ka karkata da yawa kuma kada ka riƙa waige-waige da kai. Idan kana ƙasa da tsayin da ka rubuta a mataki na 4, hau. Sannan ka kira hasumiya ka faɗi gaskiya cewa kai mai tuƙi da ido ne ka shiga inda ba ka gani, in ba ka samu kowa ba ka koma 121.5, mitar rediyo ta gaggawa, ka sa lambar gaggawa 7700 a na'urar da rada ke ganinka da ita. Jin kunyar rubuta rahoto ya hana mutane da yawa wannan kiran, wallahi takarda ce kawai za ka cike.

12. Sauka, da abin da ke bayanta

Idan iska na bugawa ka ƙara rabin bambancin bugun a gudun saukarka, 15G25 ka ƙara not 5. Idan saukar ba ta zauna ba, ba da wuta ka sake zagayowa, babu wanda zai tuhume ka. Masu helikwafta a rani ku kula da filin ƙwallo da filin idi, farfela tana tayar da ƙura ta rufe matuƙi a ƙafafun ƙarshe, abin da ya kifar da helikwaftan mataimakin shugaban ƙasa na lokacin Yemi Osinbajo kenan a Kabba ranar 2 ga Fabrairun 2019, Allah ya sa kowa ya fita. A aika tankar ruwa ta jiƙa wurin sosai kafin isowa, a kwashe leda da rumfuna, a matsar da jama'a nesa.

Bayan ka sauka ka gaya wa hasumiya abin da ka gani a hanya, tsayin ƙura, inda hadari yake, inda aka yi gargada, na bayanka da shi zai yi aiki. In jirgin zai kwana a waje a damina ka juya hancinsa gabas inda iskar ke fitowa, ka ɗaure fukafuki biyu da wutsiya da igiya mai ƙarfi, ka sa waigi a tayoyi, ka kulle sitiyari, ka rufe ramukan auna gudu, in da hali ka cika tanki don kada raɓa ta taru a ciki kafin safiya.